Mai Igiya da Layin da Ya Ƙi Miƙewa

Idan Babanmu ya shiga gidan mutum, ƙasa yake fara gaisarwa kafin mai gida. Zai tsaya a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, ya bi layin tayil da ido tun daga wannan bango har wancan, sannan ya ɗago ya ce, "Sannunku da gida. Wa ya yi muku wannan aikin?" In aikin ya yi kyau sai ya nemi sanin mai shi. In bai yi ba, sai ya zauna a gefen kujera ya yi jugum, kamar wanda ya zo gaisuwar mara lafiya.

Shekara arba'in da biyu yana dasa tayil. Da kwaɓa siminti ya fara a hannun wani tsohon magini, daga nan ya koma riƙe cokalin gini, har ya zama idan ana son falo ya fita tsaf, shi ake aikawa a kira. Kullum akwai dunƙulen farar igiya da ƙusoshi biyu a aljihunsa, shi ya sa duk unguwa ake ce masa Mai Igiya. Da wannan igiyar ya raine mu, mu biyar, ni ce auta. Umma takan ce da za a bar shi, da igiya zai ja mana a kan shimfiɗa mu kwanta a jere. Kalanda ba ta isa ta karkace a gidanmu ba. Takalman bakin ƙofa ma sun san matsayinsu.

Amma babban abin alfaharinsa idonsa ne. "Don hankalin mutane ya kwanta nake jan igiya," in ji shi, "ni idona ya ishe ni." Kuma ba cika baki ba ne. Na taɓa gani da idona ya dubi wani bango ya ce ya kauce da faɗin yatsa, aka kawo ma'auni aka gwada, faɗin yatsan ne cif. Aibinsa ɗaya sigari. Tun yana ɗan shekara goma sha takwas yake sha, Umma ta yi faɗa har ta gaji ta koma buɗe taga kawai.

A shekarar da ya cika sittin da bakwai suka karɓi aikin wani dogon falo shi da Yaya, babban wanmu, wanda ya shekara goma sha biyar yana aiki tare da shi. Yaya ya dasa layi huɗu tun da safe. Baba ya zo ya tsuguna a ƙarshen falon, ya kanne idon hagu yadda ya saba in zai duba layi, ya ce, "Cire."

"Me zan cire, Baba?"

"Na tsakiyar nan. Ya yi ciki kamar baka."

Yaya bai yi musu ba. Ya ɓamɓare, ya sake jan igiya, ya sake dasawa. Baba ya sake tsugunawa, ya sake kanne ido, ya ce wannan karon ma ya fi na ɗazu muni. Nan Yaya ya ɗora ma'auni a kai ya ce a zo a gani. Baba ya ce ma'aunin ne ya lalace. Yaya, mutum mai 'ya'ya uku, ya ajiye cokalinsa a gaban leburori ya fita waje. Kwana uku ba su yi wa juna magana ba sai gaisuwa.

A gida kuma abin ya ci gaba. Baba ya ce ƙofar kicin ta lanƙwashe. Ya ce turken wutar lantarki da ke ƙofar gida ya yi doro a tsakiya, ya kamata a kai ƙara kafin ya faɗo wa wani. Umma ta leƙa ta ga turke a tsaye ƙyam. Ta ja ni gefe ta ce, "Auta, ko dai duniya ce ta karkace, ko babanku. Kuma na fi zargin babanku."

Na san in na ce masa idonsa ne, ba zai bi ni ko'ina ba. Sai na ce, "Baba, anya ba gilashin nan naka ne ya lauye ba? Shekara shida fa kana sa shi." Ya cire ya jujjuya shi a hannu, fuskarsa ta washe. Ya samu mai laifi! Washegari da safe shi ya riga ni shiryawa.

Ɗakin duba ido shi ne na ƙarshe a ƙaramin asibitin unguwarmu, bayan inda ake auna jarirai. Benci ɗaya ne a ƙofa, a ciki kuma kujera biyu, allon haruffa a bango, da akwatin katako cike da gilasai jere-jere. Ma'aikaciyar jinyar da ke wurin kowa Malama yake ce mata. Gajeriya ce, mai saurin magana da saurin tafiya, irin mutanen da ko zaune suke sai ka ga kamar suna shirin tashi.

Baba ya miƙa mata gilashin ya ce a canza masa, wannan ya lauye. Ta karɓa ta ajiye, ta ce ya fara karanta allo tukuna. Da ido biyu ya karanta har kusan ƙasa, ya waigo ya dube ni da murmushin nasara. Ta ce ya rufe na dama da tafin hannu, ya karanta da na hagu. Lafiya lau. Sai ta ce ya rufe na hagu.

Baba ya ƙura wa allon ido.

"Baba, muna jin ka," in ji Malama.

"Babban na sama dai ina ganin gefensa. Tsakiyar ce kamar an dangwala mata yatsa mai maiƙo."

Malama ta miƙe zumbur. Ta ja aljihun tebur ta zaro wata farar takarda mai layuka a tsaye da a kwance, gida-gida, da baƙin ɗigo ɗaya a tsakiya. Ta mayar masa da gilashin karatunsa, ta ce ya riƙe takardar kamar zai karanta wasiƙa, ya kafa wa ɗigon idon dama kawai, ya gaya mata yadda layukan suke.

Baba ya duba, ya yi tsaki. "Malama, wanda ya buga muku takardar nan bai san aikinsa ba. Dubi nan, sama da ɗigon. Layukan sun yi ciki, biyu ma sun narke."

"Madalla!" in ji ta, har da tafa hannu. Na yi mamakin abin murna a nan. Ta karɓi takardar ta juya ta, sama ta koma ƙasa, ta mayar masa. "Yanzu fa? Ina ɓarnar take?"

"Tana nan inda take. Sama da ɗigon."

"To ai na juya takardar, Baba. Da laifin mai bugawa ne, da ɓarnar ta koma ƙasa. Sauya ido ka gani."

Ya rufe na dama ya buɗe na hagu. Ya daɗe yana kallo. Ya sake komawa na dama, ya sake dawowa na hagu. Abin da ya fara fita daga bakinsa bai shafi idonsa ba ko kaɗan. Cewa ya yi, a hankali, "Ashe yaron nan bai yi laifi ba."

Malama ta ɗiga masa magani a ido biyu don ƙwayar ta buɗe, muka jira rabin awa a benci. Da muka koma ta rufe labule, ta haska wata 'yar fitila cikin idonsa, ta matso har goshinsu ya kusa haɗuwa. Tana dubawa tana tambaya. Shekarunsa nawa? Yana shan sigari? Akwai hawan jini? Akwai wanda idonsa ya yi haka a dangi? Baba ya tuna mahaifiyarsa, wadda a ƙarshen rayuwarta ba ta gane fuska sai murya, amma tana yawonta a tsakar gida ba mai riƙe mata hannu. Yaushe ya fara ganin karkacewar? Muka lissafa, kwana tara.

"Kwana tara!" Ta sake tafa hannu. "Kun san wata nawa mutane ke kaiwa kafin su zo mini? Shi ya sa kuka ga ina murna. Kun zo da wuri."

Ta zauna ta yi mana bayani. Can a bayan ido akwai wata siririyar shimfiɗa da hoton duk abin da mutum ya kalla yake sauka a kai. A tsakiyarta akwai ɗan wuri da bai kai ƙwayar wake ba, amma da shi ake karatu, da shi ake gane fuska, da shi ake zura zare a allura. Idan shekaru suka ja, wurin nan yakan gaji. Ba yanar ido ba ce, ba kuma hawan jinin ido ba, gilashi ma ba ya gyara shi. Iri biyu ne. Akwai busasshe, mai tafiya sannu a hankali cikin shekaru. Shi ta ga alamarsa a idon hagu, 'yan ɗige-ɗige rawaya. Akwai kuma mai ruwa, mai gaggawa, shi take zargi a na dama.

"Baba, in ruwa ya shiga ƙarƙashin tayil, me ke faruwa?"

"Ya kumbura, ya ɗago, layi ya ɓaci."

"To ka gama fahimta. Wasu ƙananan jijiyoyin jini ne suka tsiro inda bai kamata ba, suna yoyo a ƙarƙashin wurin."

"Makancewa zan yi ke nan?"

"A'a. Wannan ciwon tsakiya yake ci, yana barin gefe. Amma tsakiyar muke so mu ceto, kuma kwanaki ake ƙirgawa, ba watanni ba. Ni a nan ganowa ce tawa. Maganin yana babban asibiti."

Ba takarda kawai ta rubuta ta sallame mu ba. A gabanmu ta ɗauki waya ta kira sashen ido na babban asibitin. Aka ce mata sai bayan mako uku. Ta miƙe tsaye da wayar a kunne, ta maimaita musu abin da ta gani, ta ce mutum ne mai aiki da idonsa, kwana tara kacal da farawa, ba za ta ajiye wayar ba sai an sama masa wuri. Aka ba mu ranar Alhamis, jibi ke nan. Ta ajiye wayar tana haki kamar wadda ta yi tsere.

Da muka fito na ce mu nufi gida, don maganin ya sa hasken rana yana kashe masa ido. Ya ce a'a, wurin aiki za mu. Haka muka shiga falon nan, yana sanye da baƙin gilashin da Malama ta ara masa, yana dafe da kafaɗata. Yaya yana durƙushe yana yankan tayil. Baba ya tsaya a kansa ya yi gyaran murya sau biyu.

"Kai. Layin nan naka na ranar nan."

"Na'am, Baba."

"Na farkon daidai yake. Na biyun ma daidai yake." Ya ɗaga murya yadda leburori za su ji. "Idona ne ya yi mini ƙarya, ba hannunka ba. A gaban mutanen nan na kunyata ka, shi ya sa na zo in faɗa a gabansu."

Yaya ya rasa inda zai sa kansa. Ya miƙe ya karkaɗe bokiti ya kifa masa ya zauna, ya ce, "Haba Baba, haba Baba."

Ranar Alhamis mu uku muka je. Aka sa Baba ya ɗora haɓa a kan wata na'ura, ta ɗauki hoton bayan idon, likita ya juyo mana da allon. Ga shimfiɗar nan a miƙe, sai a tsakiya ta yi tudu, ruwa kwance a ƙasa. Baba ya ce, "Wallahi kamar yadda Malama ta faɗa." Likita ya ce maganin allura ce, a cikin idon, sau ɗaya a wata har wata uku, daga nan a ga abin da hoto zai nuna.

"A cikin me?"

"A cikin idon, Baba."

Mutumin da ya shekara arba'in yana riƙe injin yankan tayil da hannu ɗaya, wanda ya taɓa ɗaure yatsarsa da tsumma ya ci gaba da aiki, sai ga shi yana laluben takalminsa. Ya ce ya tuna akwai siminti da ya bari a buɗe. Yaya ya tare ƙofa yana dariya, ni na riƙe hannun riga. Aka shigar da shi, aka ɗiga maganin kashe zafi, aka wanke idon. Muna waje muna jiyo shi yana ba likita labarin wani bene da ya taɓa yi wa aiki, don dai kada ya yi shiru. Can sai muka ji ya ce, "To bismillah, ku yi abin da za ku yi." Likita ya ce, "Ai mun gama." Ya fito yana washe baki, yana gaya wa duk wanda ke kan benci cewa cizon sauro ma ya fi shi zafi.

Bayan allura ta biyu ya kira ni da sassafe. "Auta! Na karanta lambar motar maƙwabcinmu da na dama! Da na dama kawai!" Bayan ta uku, hoto ya nuna tudun ya kwanta. Ya ƙaru da layi uku a allon haruffa. Ɗan dusu-dusu ya rage a gefen tsakiya, likita ya ce wannan mai yiwuwa ya zauna ke nan, kuma ruwan yana iya dawowa, don haka ba a sallame shi ba.

Sauran aikin ya koma hannun Malama da gidanmu. Ta ba shi takardar nan mai gida-gida, ya manna ta a bangon ɗaki kusa da taga. Kowace safiya zai sa gilashi, ya rufe wannan ido ya duba, ya rufe wancan ya duba. Ta auna jininsa ta ga ya ɗan hau, ta tura shi ɗakin da ke kusa aka ɗora shi a kan magani. Ta ce a yawaita ganye da kifi. Umma ta ɗauki maganar da zafi har Baba ya ce ya fara jin tausayin awakin unguwa, an cinye musu abinci. Aka sa masa fitila mai haske a inda yake zama, da madubin ƙara girman rubutu.

Sigari ce ta ba da wuya. Malama ba ta yi masa wa'azi ba. Cewa ta yi, "Baba, idon hagu nake yi wa roƙo. Shi ne ke ɗauke da kai yanzu, kuma ba abin da ke ingiza ciwon nan kamar hayaƙi." Ya bari, ya koma bayan kwana shida. Ya sake bari, ya koma. A karo na uku ya tattara kwalin da ashana ya damƙa wa Umma. Makonni biyu ba mai iya zama kusa da shi don faɗa, kyanwar gida ma ta ƙaura. Daga nan ya lafa. Yau shekara biyu ke nan.

Wata biyar bayan allura ta uku, wata safiya ya tsaya gaban takardarsa ya ga layi ɗaya ya ɗan yi rawa. Ko karya kumallo bai yi ba. Kafin a buɗe ɗakin duba ido yana kan benci. Malama ta duba, ta kira waya, kwana biyu aka yi masa allura, ruwan bai samu ya taru ba. A ranar da ya zo ɗin, Malama ta zagaya da shi ɗaki-ɗaki a asibitin tana nuna shi ga abokan aikinta: "Ku ga mutumin da ya kama ciwonsa da kansa!"

Aiki bai bari ba, raba shi suka yi. Yaya ke duba layi. Baba kuma yana bi a baya da tafin hannu yana shafa mahaɗar tayil, yana ƙwanƙwasawa da gudumar roba yana saurare. In akwai rami a ƙasa, kunnensa zai ji.

Sai kuma ya ɗauko wata sabuwar sana'a da ba wanda ya sa shi. Akwai wata inuwa a bakin titinmu inda dattawa ke zama da yamma. Baba ya sa na buga masa kwafin takardar nan guda ashirin, ya riƙa bin su ɗaya-ɗaya: "Rufe ido ɗaya. Kalli ɗigon. Me ka gani?" Tun suna yi masa dariya suna ce masa likitan bakin titi, har wata Talata ya tattaro tara daga cikinsu ya tasa su gaba zuwa asibiti. Na bi su don kada in ji a bakin wani. Benci bai ɗauke su ba, sai da aka aro kujeru daga wurin masu jarirai. Malama ta leƙo ta ga dattawa tara da sanduna uku, ta dafe kai ta ce, "Baba, ni kaɗai ce fa!" Amma dariya take yi, kuma duk ta duba su kafin ta tashi.

Huɗu gilashi kawai suke buƙata. Uku lafiyarsu ƙalau. Wani tsohon direba aka ga farkon busasshen irin na Baba, ta ba shi takardarsa da ranar dawowa. Na ƙarshe babban amininsa ne, mai gyaran famfo, wanda ya fi kowa gardamar zuwa. Shi kuma yanar ido ce ta rufe masa ido ɗaya, aka ba shi ranar da za a cire.

A hanyar komawa su biyun suka kaure da musu. Mai famfo ya ce nasa ciwon ya fi girma tunda har aiki za a yi masa. Baba ya ce aikin minti ashirin ne, a wanke a sallame shi, shi kuwa allura huɗu ya sha a cikin ƙwayar ido bai ko motsa ba.

"An ce sai da aka tare maka ƙofa," in ji mai famfo.

Baba ya tsaya cak a tsakiyar titi, ya juyo ya dube ni.

"Ba ni ba ce, Baba," na ce. "Tambayi Yaya."